Sharhi: Janet Rowley da Hotunan da Ta Baza a Teburin Cin Abinci

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa zama kusa da malamin jami'a a lokacin ƙarin girma ya san tambayar da ake fara yi masa: maƙala nawa ka wallafa? To, sharhinmu na yau a kan wata mata ne da ta wallafa sama da 500, amma in za a faɗi gaskiya, uku daga ciki ne suka juya akalar binciken sankarar jini a duniya. Sunanta Janet Rowley, ta Jami'ar Chicago a Amurka. Ta rasu a Disambar 2013 tana da shekara 88.

Ta gama karatun likita a 1948, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya maza huɗu. Shekara da shekaru kwana uku kawai take zuwa aiki a mako. Mai lissafin maƙaloli da ya ganta a lokacin, da ba zai ko waiwaye ta ba.

Bari mu ɗan yi bayani. A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai wasu zaruruwa 46 masu ɗauke da gado, ana ce musu kuromosom, kowane biyu da lambarsu. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford, a birnin Philadelphia, suka lura cewa masu fama da sankarar jinin da ake kira CML suna da zare guda da ya gajarce. Aka ɗauka guntun ɓacewa ya yi. Galibin masana kuma suna ganin cutar ce ke lalata zaruruwan, ba lalacewar ce ke kawo cutar ba.

Rowley ta koyo wata sabuwar dabarar rina zaruruwan a Oxford ta Ingila, wadda ke fito da ratsi-ratsi a jikin kowanne. Sai ta riƙa ɗaukar hotunansu, ta yanka da almakashi, ta baza a teburin cin abincin gidanta, tana jerawa tana gwadawa. A 1972 ta ga zare na 8 da na 21 sun yi musayar guntaye a wani nau'in sankarar jini. Fitacciyar mujallar nan ta likitoci, New England Journal of Medicine, ta ƙi karɓar aikin, sai wata mujallar Faransa ce ta buga. A 1973 kuma ta nuna a mujallar Nature cewa guntun da aka ce ya ɓace daga zare na 22 a masu CML yana nan daram, ƙaura ya yi zuwa na 9. Ta ƙara da na 15 da na 17 a 1977. Hujjarta ba ta da kwana-kwana: in dai musaya iri ɗaya ce ke bayyana a cuta iri ɗaya a jikin majiyyata daban-daban, to ba haka kawai ba ne, ruwa ba ya tsami banza.

Wasu masanan suka bi sawu har suka gano cewa a mahaɗar guntayen na 9 da na 22 ne ake samun wani sinadari mai sa fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Brian Druker da masanan kamfanin Novartis suka fito da ƙwayar maganin imatinib mai toshe shi, hukumomin Amurka suka amince da ita a 2001. Shekara 28 ke nan bayan maƙalar Nature. Wane kwamitin ƙarin girma ne zai jira shekara 28 kafin ya yanke hukunci? Cutar da a da take kashe mutum cikin 'yan shekaru, yau da yawa suna rayuwa da ita har tsufa.

Tasirinta bai tsaya a takarda ba. Cikin waɗanda ta raina akwai Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ta yi karatun likita a Ibadan, wadda ta shahara a binciken sankarar mama a tsakanin matan Afirka. Shugaba Barack Obama kuma ya ba Rowley lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2009.

Har gobe, kafin likita ya ɗora mai CML a kan imatinib, a Chicago ne ko a nan gida, sai an gwada jininsa ko ɓargonsa an tabbatar da wannan musaya ta 9 da 22.