Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Jug da Farantan Tarbar Baƙi

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu guda suka taru, wato tsofaffin jug da faranti da tire da mutane ke tarawa don tarbar baƙi.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce. Ta ce ta sayi farin jug na tangaran mai nauyi, mai sayarwa ya rantse mata ya haura shekara ɗari, to yaya za ta gane gaskiyarsa?

To Malama, ki ajiye rantsuwar a gefe, ki kifa jug ɗin ki dubi gindinsa. Da yawa daga cikin irin wannan farin tangaran daga yankin Staffordshire na Ingila suka fito, inda Charles James Mason ya yi rajistar samfurin da ake kira ironstone a 1813. Idan kin ga wata alama mai kusurwa huɗu da harufa da lambobi a cikin kusurwoyin, alamar rajistar zane ce da Birtaniya ta yi aiki da ita daga 1842 zuwa 1883. Daga 1884 aka koma rubuta "Rd No" da lamba. Sai dai ki lura, lokacin da aka yi wa zanen rajista take nunawa, alhali kamfani na iya shafe shekaru yana fitar da zane guda. Akwai kuma sunan ƙasa. Dokar harajin McKinley da Amurka ta kafa a 1890 ta tilasta a riƙa rubuta ƙasar da kayan da ake shigarwa Amurka suka fito, don haka "England" kaɗai galibi daga 1891 ne zuwa sama, "Made in England" kuwa na ƙarni na 20 ne. In har an rubuta cewa ana iya sa shi a injin wanke kwanuka, ai magana ta ƙare, ɗan bayan-bayan nan ne.

Tambari ana kwaikwayonsa, saboda haka ki haɗa da hannunki. Ki shafa zoben gindin da jug yake zama a kai. Na gaske tsufa ya cinye shi a hankali, wani gefen ya fi wani santsi, wanda aka goga da sanfefa don ya yi kama da tsoho kuma za ki ga karce-karcen sun jeru sun nufi wuri ɗaya. Sannan ki leƙa ciki daidai inda mariƙi ya haɗu da jiki. Tsofaffi daban ake yin mariƙinsu, cikakke, a manna shi. Na kwaikwayo da yawa zuba su ake yi gaba ɗaya a mazubi, sai mariƙin ya zama holoƙo, har ki hangi rami biyu daga ciki. Daga ƙarshe ki ɗora shi a tafin hannu ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Mai lafiya ƙara yake yi mai ja, mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ki ji ƙwas, shi ke nan.

Wasiƙa ta biyu ita ce wadda muka fi so a saurara da kyau. Wani mai sauraro ya ce jug ɗinsa mai furanni ya yi wasu siraran tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, sun yi ruwan ƙasa. Zai iya jiƙa shi a bilic, sannan ya riƙa zuba wa baƙi ruwan lemo a ciki?

Malam, duka biyun a'a. Wannan saƙar gizo-gizon a jikin ruwan gilashin da aka shafe tangaran ɗin da shi take. Shi da yumɓun da ke ƙarƙashinsa ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna idan zafi ko danshi ya sauya, sai na saman ya tsattsage. Ta nan maiƙo da ruwan shayi ke shiga cikin yumɓun, soso ba ya kai musu. Bilic zai shiga ta hanyar nan, ya bushe ya zama gishiri a ƙarƙashi, bayan wasu watanni ka ga saman yana ɓarewa. Abin da ake yi shi ne a nutsar da jug ɗin cikin ruwan haidurojin irin na wanke ciwo, mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, a rufe, a riƙa dubawa har mako biyu ko uku, sannan a jiƙa shi a ruwa mai tsabta ana sauyawa. Idan yana da zanen ruwan zinare kada a yi masa wannan.

Ko ya yi fari tas, bai zama na sha ba. Masu yin tangaran sun daɗe suna sa dalma a ruwan shafen don ya yi sheƙi, kuma sai a 1971 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara sa iyaka kan dalmar da ke fita daga kwanuka. Abu mai tsami shi ya fi jawo ta, musamman in ya daɗe a ciki, kuma gubar dalma yara da masu juna biyu ta fi yi wa illa. Ja, rawaya da ruwan goro masu haske sun fi zama abin zargi; jan farantin Fiesta da kamfanin Homer Laughlin ya fitar a 1936 har yuraniyom, ma'adinin nan da ake makamashin nukiliya da shi, ke cikin launinsa. 'Yan tsinkayen gwaji da ake sayarwa, in sun nuna akwai dalma ka yarda da su, in sun nuna babu kada ka saki jiki. Irin wannan jug a zuba masa furanni ko cokula a tsakiyar tebur.

Wata Hajiya kuma ta ce jug ɗinta na gilashi ya yi hazo daga ciki, ta wanke har ta gaji.

Hajiya, ki cika shi da farin ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ya kwana. Idan hazon ya tafi, farar ƙasar ruwa ce ta daskare. Idan ya ɓace yana jiƙe ya dawo da ya bushe, gilashin ne kansa ya ciwu, wanki ba zai gyara shi ba. Ruwan ɗumi kawai za ki riƙa sa masa, domin tafasasshen ruwa ko ƙanƙara kwatsam suna tsaga shi daga gindin mariƙi, inda gilashin ya fi kauri. In ya cika, hannu ɗaya a mariƙi, ɗayan a ƙasa. Idan kuma mai nauyin nan ne da ake kira kiristal, akalla kashi 24 cikin ɗari na jikinsa sinadarin dalma ne: a zuba a sha a lokacin, kada abin sha ya kwana a ciki.

Sai tambaya ta ƙarshe, daga wani mai sauraro da tirensa ya yi baƙi, a bayansa an buga EPNS. Azurfa ce?

Ruwan azurfa ne aka yi wa wani ƙarfe ta hanyar lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Azurfar gaske 925 ake buga mata, ta Ingila kuma da hoton zaki yana tafiya. Tunda rufin siriri ne, kowace guga tana rage shi, shi ya sa tsofaffin tire ke nuna rawaya ko ja a tsakiya. Soson ƙarfe kam ko kusa. Ka shimfiɗa takardar alminiyom a roba, ka zuba lita ɗaya ta ruwan zafi da babban cokali biyu na bekin soda, ka ɗora tiren ya taɓa takardar na minti biyu zuwa biyar, sai ka ɗauraye ka tsane shi da laushin ƙyalle nan take. Wannan hanya tana cire har baƙin da ke cikin ramukan zane, wanda shi ke fito da adon, don haka tire mai sassaƙa gara a bi shi da man goge azurfa a hankali. Wajen ajiya a naɗe shi a ƙyallen auduga, a nisanta shi da zaren roba da ƙwai da gishiri, a kuma sa ƙyalle tsakaninsa da duk farantin da za a ɗora a kai.