Fodkas: Wa ke kwana a bakin iyaka bayan sojoji sun juya?

Malama: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga birnin Shehu. Yau ina tare da Baba, wanda ya daɗe yana karantarwa a ƙasar Gobir kafin ya dawo cikin gari, da kuma Alhaji, ɗan kasuwar Illela. Baba, sannu da zuwa, ya gajiyar hanya?

Baba: Gajiya ta bi lafiya, ɗiyata. Allah shi yi albarka.

Malama: Amin. Alhaji, ya kasuwa?

Alhaji: Da godiya, Malama, ana ta lallaɓawa.

Malama: To, zancenmu na yau shi ne rikicin da ke ci a ƙananan hukumominmu na bakin iyaka, irin su Sabon Birni da Gada da Illela da Tangaza da Gudu, har da Isa da Goronyo, da kuma yadda hukuma ke tunkarar abin. Baba, wasu sun ce ta'addanci ne kawai, wasu sun ce faɗan ƙabilanci ne. Kai da ka zauna a ciki, me ka gani?

Baba: Ɗiyata, abin da anka gani yanzu ta'addanci ne, babu wani suna da za a sa mai. Amma ba da shi anka fara ba. Ni ina da maƙwabci Bafulatani, rugarsu na bayan gonata. Shanuna biyu suna hannunshi, in kaka ta yi shi kawo garke su kwana a gonata su zuba taki, ni kuma in auna mai gero. Matarshi ke kawo muna nono da safe. Da satar shanu ta yi yawa, shi anka fara kwashe wa garke. Ya je ya kai ƙara, ya dawo hannu rabbana. Bayan nan 'yan sa-kai sunka taso, sunka ce kowane mai sanda ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Dare guda ya kwashe iyalinshi ya tsallaka Nijar. Har yau ƙwaryar matarshi tana ɗakin maiɗakina, ba ta samu wanda za ta maida wa ba.

Malama: Innalillahi. Ke nan an zalunce shi sau biyu.

Baba: Sau biyu. Kuma ba a hukunta ko mutum guda ba a kan ko ɗaya. Ta wagga ƙofa ce miyagu sunka shigo, suna ce ma yaran Fulani ku zo mu rama, suna ce ma yaran gari ku ɗauki bindiga ku kare kanku.

Alhaji: Baba ya tuna mini da watan Oktoba na 2021. A kasuwar Mamande ta Gwadabawa 'yan sa-kai suka kashe Fulani da rana tsaka. Ba a rufa sati biyu ba 'yan bindiga suka faɗa kasuwar Goronyo, aka rasa fiye da mutum 40. Duk wanda ke yawon kasuwannin ƙauye ya san yadda aka ɗauki abin, ramuwar gayya ce aka sauke a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Sai bayan nan gwamnatin Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai.

Malama: Amma Alhaji, a yi wa hukuma adalci, ba ta naɗe hannu ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, an hana sayar da fetur a jarka, an hana ɗaukar shanu a manyan motoci. A farkon 2022 aka ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda. Ga rundunar Hadarin Daji, daga baya ga Fansan Yamma. Bayan kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a watan Agustan 2024, har ƙaramin ministan tsaro da babban hafsan tsaron ƙasa aka turo Sakkwato.

Alhaji: Gaskiya ne, kuma sojoji sun ba da jininsu, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. An kashe ƙasurgumin ɗan bindiga Halilu Sububu a watan Satumban 2024, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma bari in gaya miki abin da katse waya ya yi mana. Mu a bakin iyaka sabis ɗin Nijar yana shigowa. Ɗan bindiga mai kuɗin fansa a aljihu ya sayi layin Nijar ya ci gaba da kiransa. Talakan ƙauye kuwa, in ya hango babura sun doso, ba shi da hanyar sanar da kowa. Na ga mutum ya hau babur ya yi tafiya mai nisa don kawai ya samu inda zai kira ɗansa ya gaya masa mahaifiyarsa ta rasu. An so a toshe wa ɓarawo kunne, sai aka toshe wa mai gida baki.

Baba: Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman da ba a yi. Sojoji su zo da motoci, a yi kwana uku ana luguden wuta, su juya. Kashegari yaran daji su dawo su ce wa ya kira muna soja? Su aza ma gari tara, su ce ba mai noma sai ya biya. Har hakimai sunka riƙa tsigewa suna naɗa nasu a wasu garuruwan Sabon Birni. Mutumin ƙauye ya san wanda zai kwana kusa da shi, da shi zai yi lissafi.

Malama: Wannan ya kai mu ga Lakurawa, don su ma labarinsu kusan haka ya faro.

Alhaji: Sak. Wajen 2018 aka fara jin ɗuriyarsu a Tangaza da Gudu. Mutanen da ɓarayi suka addaba, ba su ga mai kare su ba, suka karɓi baƙi masu bindiga daga ƙetare. Baƙin suka kori ɓarayi, sannan suka zauna suna karɓar zakkar shanu da ƙarfi, suna yi wa matasa bulala. Sai a watan Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta fito ta yi maganarsu a bainar jama'a, kotu kuma ta ayyana su 'yan ta'adda a Janairun 2025. Ki ƙirga shekarun da ke tsakani.

Malama: Kuma a farautarsu ne jirgin yaƙi ya yi ɓarin wuta a Gidan Bisa da Rumtuwa ta Silame ranar 25 ga Disamban 2024, aka rasa fararen hula. Ni wannan ranar ba na manta ta, don irin wannan kuskuren yana sa mai son ba da bayani ya ja bakinsa ya yi shiru.

Baba: Akwai kuma zancen Nijar, wanda ba a cika faɗi ba. Mu da mutanen Tsibiri ta jihar Maraɗi dangi guda ne, Gobirawa ne nan da can. Lokacin da anka kashe mutane da yawa a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayun 2020, can jama'a sunka gudu, dangi sunka buɗe masu ƙofa. Sau da dama sojan Nijar ya fi namu kusa da ƙauyen da anka kai ma hari, kuma suna kawo ɗauki.

Alhaji: Sai juyin mulkin Yulin 2023 ya zo, aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta, gaba ta shiga tsakanin gwamnatoci. Ni da ke Illela ina kallon Ƙonni, albasa ta ruɓe mini a buhu, amma mai bindiga bai taɓa bi ta ƙofar kwastan ba balle rufewar ta dame shi. An buɗe ta ɓangarenmu a Maris na 2024, sai dai amanar da ke tsakanin jami'an tsaron ƙasashen biyu ba ta koma yadda take ba. In aka koro su daga nan su tsallaka, in aka koro su daga can su dawo.

Malama: To ga askarawan da gwamnatin Ahmed Aliyu ta kafa a 2024. Baba, kana da fata a kansu?

Baba: Ina da fata, don yaran gida ne, sun san kowace burtali da kowane fadama. Tsorona guda, kada su zama 'yan sa-kai masu kaki. A sa yaran ruga a ciki kamar yadda anka sa yaran gari. Wanda ya taɓa marar laifi a kai shi gaban alƙali kowa ya gani. A zauna da ardo da hakimi a buɗe burtalin da anka nome, a biya manomin da anka yi ma ɓarna. Ni dai in da hali, ina son kafin in koma ga Allah a samu wanda zai tsallaka ya ce ma maƙwabcina ya dawo, rugarshi na nan.

Malama: Allah ya nuna mana, Baba. Masu saurare, musamman na Isa da Gudu da Gada, ku aiko mana da saƙon murya kan abin da kuke gani a garuruwanku, ba sai kun faɗi suna ba. Alhaji, Baba, mun gode. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.