Sarakuna Huɗu na Sama da Baraden Japan

Ku kawo siffar wani gunki na ƙasar Japan a ranku. Sulke a jiki, mashi a hannu ɗaya, 'yar ƙaramar hasumiya a ɗaya tafin, idanu a zazzare, ga wani ɗan aljani da ya take da ƙafa. Sunansa Bishamonten, ana kuma ce masa Tamonten. A addinin Buddha shi ne mai gadin arewa.

Irin waɗannan masu gadi su huɗu ne. Jikokuten na gabas, Zochoten na kudu, Komokuten na yamma. Mabiya addinin sun yi imani cewa suna zaune a jikin dutsen Sumeru, cibiyar duniya, kowa na tsare da kusurwarsa. Daga Indiya labarinsu ya taso, ya ratso Sin da Koriya, Japanawa suka raɗa musu Shitenno, wato Sarakuna Huɗu na Sama.

A shekarar 587, ana tsakiyar yaƙi da gidan Mononobe masu adawa da sabon addinin, an ce Yarima Shotoku ya yi alwashin gina musu ɗakin ibada in ya yi nasara. Ya ci yaƙin, a 593 aka kafa ɗakin ibadar mai suna Shitennoji, yana nan a birnin Osaka har yau.

Daga nan mayaƙa suka rungume su. Kusunoki Masashige, wanda ya mutu a yaƙin Minatogawa a 1336, sunan yarintarsa Tamonmaru ne, don an ce mahaifiyarsa ta roƙi ɗa wajen Bishamonten a dutsen Shigi. Uesugi Kenshin, basaraken yankin Echigo, kuwa abin nasa ya fi haka. Harafin farko na sunan Bishamonten ya rubuta a tutarsa, mutanensa na ɗaukarsa tamkar gunkin ne ya sauko cikin jikin mutum.

Sannu a hankali Shitenno ya zama kirari. Duk basaraken da ke da barade huɗu da yake ji da su, haka ake kiransu. Na Tokugawa Ieyasu, shugaban mayaƙan da ya kafa mulkin gidan Tokugawa a Japan, su ne Sakai Tadatsugu, Sakakibara Yasumasa, Honda Tadakatsu da Ii Naomasa. Honda, in ji masu ba da labari, ya shiga yaƙi 57 ko ƙwarzane bai samu ba. Ii Naomasa, mai rundunar jajayen sulke, bai yi wannan sa'ar ba: harsashi ya same shi a yaƙin Sekigahara a 1600, ya mutu a 1602.