Golan da suka ce a sayar, yau su ne ke kuka ya tafi

Jama'a masu sauraro barkanmu da wannan lokaci. Sharhin namu na yau zai kai mu can Amurka da Kanada ne, wajen masu wasan hoki na ƙanƙara, na san wasu za su ce to mu ina ruwanmu da wasan da ko filinsa ba mu taɓa takawa ba, amma ku ɗan ba ni aron kunnuwanku, labarin 'yan kallo ne, kuma ɗan kallo ko a ina yake halinsa ɗaya ne.

Wani gola ne mai suna Marc-André Fleury, ɗan garin Sorel-Tracy a lardin Kebek na Kanada, ya ajiye wasa a 2025 yana da shekara 40, bayan kaka 21 a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Ga wanda bai san wasan ba, a kan ƙanƙara ake yi, 'yan wasa na sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa suna zamewa, da sanduna a hannu suna kora wani ɗan faifan roba mai tauri kamar dutse, shi kuma gola aikinsa ya tsaya a bakin 'yar ƙaramar raga a yi ta ɗirka masa wannan abu. Shekara ashirin da ɗoriya ana jifanka, kuma kana murmushi, wannan shi ne Fleury. Flower suke ce masa, wato fure.

Nasara 575 ya samu a wasannin lig, mutum ɗaya tak ya fi shi a tarihi, Martin Brodeur mai 691. Ya ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, sau uku da kulob ɗin Pittsburgh Penguins, a 2009 da 2016 da 2017.

To amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne daren 30 ga Janairun 2025 a Montreal. Ya zo ne da rigar Minnesota Wild, wato baƙo ne, abokin hamayya, kuma ya hana masu gida cin ko ɗaya, aka tashi 4 da nema. A al'ada idan an yi maka haka a gidanka ai tun kafin a tashi ka kama hanyar mota kana tsaki. Mutanen Montreal kuwa miƙewa suka yi tsaye suna kiran sunansa tun wasa bai ƙare ba, bayan an tashi kuma 'yan wasan da ya hana ci suka jeru layi suna ba shi hannu ɗaya bayan ɗaya. Ku duba fa, kulob ɗinsu ake lallasawa suna yi wa mai lallasawar tafi, saboda ɗan gida ne ɗan lardinsu, kuma sun san wannan ne zuwansa na ƙarshe.

Sai kuma Pittsburgh, inda aka ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko a 2003 yana ɗan shekara 18. A watan Satumbar 2025 suka dawo da shi ya sa rigarsu sau ɗaya a wasan share fage da Columbus, wasan da ba maki ba kofi, amma fili ya cika maƙil, ya shiga a kashi na uku kuma na ƙarshe na wasan jama'a suna ta ihu wai ya ƙara musu shekara ɗaya.

A nan ne nake da magana. Wannan garin dai da ke roƙon ya ƙara shekara, shi ne garin da a 2012 bayan Philadelphia ta yi ta zura masa ƙwallaye a wasannin fitar da gwani, mutane da yawa suka ce ya gama yayi a nemi wani. A 2013 aka ajiye shi a benci aka sa Tomas Vokoun. A 2016 da ya ji rauni a kai wani yaro Matt Murray ya karɓi raga, da ya warke bai samu wurinsa ba, yana zaune yana kallo aka ci kofi. A 2017 shi ya yi ta fama ya kai su zagaye na uku na wasannin fitar da gwani, Murray na warkewa aka sake zaunar da shi. Duk wannan fa mutumin da a 2009 ana saura daƙiƙu a tashi wasan ƙarshe a Detroit ya yi tsalle ya tare bugun Nicklas Lidström da jikinsa, suka ci kofi 2 da 1. An manta da wannan na ɗan lokaci, kamar dai yadda muke yi a gidan kallo, golan da ya cece ka makon jiya yau in ya saki ƙwallo ɗaya sai ka ce kwando ne.

Shi kuwa bai tanka ba. Ranar da suka ci kofin 2017 da ya gama zagayensa da kofin, Murray ya nufa ya miƙa masa, yaron da ya ƙwace masa gurbi. Daga nan aka bar shi ya tafi sabon kulob ɗin Vegas, a kakarsu ta farko ya kai su wasan ƙarshe a 2018, a 2021 ya ci kyautar golan da ya fi kowa, bayan 'yan makonni suka sayar da shi ga Chicago, kuma wakilinsa ya ce a soshiyal midiya suka ga labarin. Haba jama'a.

Saboda haka ni a ganina hawayen da aka zubar a Pittsburgh ba duka na kewa ba ne, akwai na kunya a ciki, irin ta wanda ya yi wa mutum gori sai mutumin ya ci gaba da gaishe shi. Kuma in ka saurari abin da 'yan kallo ke tunawa da shi, ba kasafai suke kawo lissafin nasarori ba, sai dai yadda yake shafa ƙarfen raga yana yi masa godiya idan faifai ya bugi ƙarfen ya fita, da tsokanar abokan wasansa, a ɓoye wa wannan kaya a lalata wa wancan ɗakin otal, mutum mai shekara 40 da 'ya'ya uku.

Wasan ƙarshe da Minnesota ta yi a kakarsa ta ƙarshe kuma Vegas ce ta fitar da su, kulob ɗin da ya sayar da shi, kuma bayan an gama gaisawa 'yan wasan Vegas ɗin tsayawa suka yi a kan ƙanƙara suna buga sandunansu a ƙasa har ya fice.