Daga fili zuwa sakatariya: laccar da aka yi wa matasan ƙungiyoyin ƙwallo a wani ƙauye kusa da Ringim

Assalamu alaikum. Mai girma dagaci, Allah ya ja zamaninka. Malamai, iyayenmu, da samarin da suka baro atisaye suka zo, sannunku.

An ce in yi magana a kan ɗan ƙwallon da ya ajiye takalmi ya shiga siyasa. Na san sunan da ke bakinku George Weah ne, amma ba da shi zan fara ba. Akwai wani ɗan Kwaddibuwa, Bonaventure Kalou, yayan Salomon Kalou, tsohon ɗan wasan Chelsea. Masu zuwa gidan kallo sun fi sanin ƙanen, to yayan ma ba baya ba ne.

An haife shi a 1978, ya taso a ƙungiyar ASEC ta Abijan, ya tafi Feyenoord ta ƙasar Holan a 1997, da shi aka ci kofin UEFA a 2002. Daga nan ya koma Faransa, ya ci kofin ƙasar da Auxerre a 2005, ya sake cinsa da PSG a 2006, kuma a duka wasannin ƙarshen biyu sai da ya jefa ƙwallo a raga. A gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus, ƙasarsa ta fara da shan biyu a hannun Sabiya da Montenegro, ta farke, sannan shi ya buga fenareti ana dab da tashi aka tashi uku da biyu. Wannan ce nasarar farko da Kwaddibuwa ta taɓa samu a gasar.

To mutumin da ya yi wannan, da ya tashi neman kujera ina ya nufa? Bai ce shugaban ƙasa ba. A watan Oktoban 2018 ya tsaya takarar magajin garin Vavoua, garin manoma can cikin ƙasar, kuma ya ci, ba tare da tutar kowace jam'iyya ba. A wurinmu kamar a ce ciyaman ne. Kun san aikin: kasuwa, tashar mota, shara, magudanar ruwa, maƙabarta, rajistar haihuwa. Mutumin da dubban jama'a suka saba yi wa tafi, yanzu shi ake tarewa da safe a bakin ofis ana ce masa kwata ta toshe, ruwa ya ci rumfunan masu tumatir. Ni wannan ya fi burge ni a kan kofunan, gaskiya, domin ba kowa ke iya saukowa ba.

Amma kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce mu ma mu yi haka gobe. A Najeriya doka ba ta ba da damar takarar ɗan indifenda ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da kai. Kafin ka kai ga talaka mai ƙuri'a sai ka bi ta kan shugaban jam'iyya na mazaɓa, da daliget, da ubangida. Sannan hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi. A 2024 jam'iyyar da ke mulkin Kano a lokacin ta kwashe duka ƙananan hukumomi 44 na jihar, wadda ke mulki a nan Jigawa ita ma ta kwashe duka 27. Ku lissafa da kanku, suna nawa zai yi a wannan kasuwar? (dariya)

Segun Odegbami, wanda ya ci ƙwallo biyu a wasan ƙarshe da muka ɗauki kofin Afirka a Legas a 1980, ya nemi gwamnan Ogun a 2019. Duk gidan da ya shiga an san shi, an ɗauki hoto da shi, ranar zaɓe aka dangwala wa wasu. Shi kansa Weah, da kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya ta 1995 a hannunsa, ya faɗi zaɓen shugaban ƙasar Laberiya a 2005 a gaban Ellen Johnson Sirleaf, ana yi masa gorin rashin karatu. Sai ya koma makaranta a Amurka da girmansa, ya dawo ya yi sanata a 2014, sannan ya ci shugabancin Laberiya a ƙarshen 2017. Shekara goma sha biyu ke nan yana bin abu ɗaya. Da aka kayar da shi a 2023 kuwa, ya kira Joseph Boakai ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Wataƙila fili ne ya koya masa cewa idan alƙalin wasa ya busa, an tashi.

Yanzu ku. Na san yadda ake yi da ku: zaɓe na matsowa a kawo jesi ɗauke da hoton ɗan takara, ƙwallo biyu, a sa kofi, ku cika masa taro. Bayan rantsuwa filin da kuke wasa a bayan firamare a yanka shi fuloti. Kyaftin ɗin da ke iya tara yara talatin kullum la'asar ba ko sisi, ya raba faɗa, ya karɓi ɗari-ɗari ya rubuta a littafi, ya riga ya fara aikin kansila bai sani ba. Abin da ya rage masa katin zaɓe, katin jam'iyya, da takardar sakandare. Tun 2018 ma an sauko da shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25.

Na ga ladan ya miƙe. Mu yi sallah, in mun dawo mai tambaya ya ɗaga hannu, kuma ina son shugabannin ƙungiyoyi su zo mini da maganar takardar filin nan.