Maganin feshi na fata: ina ake fesawa, kuma kwana nawa?

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi wannan 'yar kwalba ta maganin feshi na fata. Wanda bai sani ba zai ɗauka turare ne: a latsa kanta, ruwa ya fito, ya bushe nan da nan, ba maiƙo, ba ɓata riga. Amma abin da ke cikinta yana daga cikin magungunan fata mafi ƙarfi da ake samu a farmasi, shi ya sa ba a ba da shi sai da takardar likita.

Sunan danginsa kortikoyid. Jikinmu ma yana yin irinsa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarin kortizol, wanda ke kwantar da kumburi. A 1952 likitoci a Amurka suka fara shafa irin wannan sinadari a fata, daga baya aka yi ta ƙero waɗanda suka fi shi ƙarfi. A tsarin Faransa, wanda likitocinmu na Garwa, Marwa da Njamena suka saba da shi, mataki huɗu ne: mai rauni, matsakaici, mai ƙarfi, sai mai ƙarfi ƙwarai. Hidrokortizon yana ƙasa. Kilobetazol, wanda ake yawan sawa a kwalbar feshi, yana can ƙoli. Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Za ku ga 0,05% a kan kilobetazol, ku ga 1% a kan hidrokortizon, ku ce ai na biyun ya fi. Ina! Na farkon ya fi shi nesa ba kusa ba.

An fi rubuta feshin kilobetazol wa manya masu sorayasis, ciwon nan da fata ke yin kauri tana ɓawo fari-fari a gwiwa, gwiwar hannu, baya ko cikin kai, wanda sanyin hunturu da bushewar iska kan tayar wa mutane da yawa.

Yadda ake yi ba wuya. A wanke hannu, a tabbata wurin ya bushe. A fesa a kan ciwon kaɗai, a murza a hankali da yatsa har ya shige, sannan a sake wanke hannu da sabulu, sai fa in a hannun ciwon yake. Galibi sau biyu ne a rana, safe da dare. Idan a kai ne, a buɗe gashi a fesa a fatar, ba a kan kitso ba, a juya fuska don kada ya shiga ido.

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin nan ne ake yin ɓarna. Wannan magani yana da iyakar kwanaki. Takardar feshin kilobetazol ta ce kada a wuce mako huɗu a jere, kuma kada a haura giram 50 a mako. Bayan mako biyu ma, ba a ci gaba sai a kan 'yan wuraren da suka ƙi kwanciya, bisa shawarar likita. Ranar da kika fara, Hajiya, rubuta kwanan watan a jikin kwalin. Mutum yakan manta, musamman in yana jin daɗin abu.

Me ya sa aka sa iyaka? Fata tana shan maganin ya shiga jini. Idan ya yi yawa, 'yar tsokar nan ta saman ƙoda sai ta ga an wadata ta, ta rage aikinta. Yawan maganin a jini kuma ya sa fuska ta yi faɗi ta kumbura, suga ya hau. Ita kuma fatar sai ta yi siriri kamar takarda, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, kuma nankarwa in ta fito ba ta komawa. Shi ya sa ba a fesa shi a fuska, hammata ko matsematsi, inda fata ba ta da kauri. Ba a kuma ɗaure wurin da bandeji ko leda, don rufewa tana ƙara yawan abin da jiki ke sha. Yara kuwa sun fi kowa sha, saboda fatarsu tana da faɗi in aka gwada da nauyinsu. An yi wannan feshi ne don 'yan shekara 18 zuwa sama. Kwalbar Baba ba ta jikansa ba ce. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.

Sai maganar wuta, wadda ba kowa ke faɗa muku ba. Ruwan da ke cikin kwalbar yana da sinadari mai kamawa da wuta. Kada a fesa kusa da murhu, gawayi ko taba. 'Yan uwana mata, ku da kaskon turaren wuta: ku bari jiki ya bushe sarai kafin ku tsuguna a kansa. Kuma da zafin Maris da Afrilu, lokacin da Marwa ke haura digiri 40, kada a bar kwalbar a mota ko bakin taga.

Abin da ya fi damuna shi ne aro. Maƙwabciya ta ga ƙaiƙayinki ya kwanta cikin kwana uku, sai ta ce a ɗan fesa wa yaronta. Ƙaiƙayin zai kwanta kuwa, ko na mene ne, kuma yaudarar ke nan. Idan makero ne ko ƙazuwa, maganin bai kashe komai ba, garkuwar fatar ya kwantar, cutar kuma ta samu fili ta bazu. Makeron ma sai ya canja kama, har likita ya sha wuyar gane shi.

Haka masu neman hasken fata da ke zuba kortikoyid a man shafawa. A 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigowa da mayukan bilicin masu sinadarai masu haɗari da sayar da su, amma har yanzu ana ganinsu a kasuwa. Wadda ke shafa irinsu ta faɗa wa likita gaskiya, don kada a haɗa mata kortikoyid biyu a jiki ɗaya.

Ɗan zafi ko raɗaɗi na 'yan mintuna bayan fesawa ba abin tsoro ba ne. Amma in wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko gani ya fara dishi-dishi, ko an yi mako biyu babu sauyi, a koma asibiti da kwalbar a hannu. Wanda kuma ya riga ya yi watanni yana fesawa, kada ya yanke rana ɗaya da kansa, domin ciwon kan dawo da ƙarfi fiye da da. Likita ne zai tsara masa yadda zai rage sannu a hankali.