Nawa za ka biya mai lissafin albashi?

An kwafo daga faifan wata lacca da aka yi wa masu ƙananan kamfanoni a Yamai.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla. Abu huɗu na zo da su a kan yadda za ka yanka wa mai lissafin albashi nasa albashin, ka samu na kirki, kuma ya zauna. Huɗu na ce, ku riƙe mini ƙidaya.

Na farko, ka san wa kake nema. Akwai yaron da aikinsa shigar da awoyi da ranakun fashi a Excel. Akwai wanda zai fitar da biltan, wato takardar albashi, na kowa, ya cike takardun CNSS, asusun fansho da tallafin ma'aikata, da na lampo, ya kai su kan lokaci. Akwai kuma wanda in sufeton aiki ya shigo, shi zai zauna da shi ya buɗe dokar aiki ta 2012 su yi magana. Mutum uku ne, kuɗi uku ne. Masu kamfani da yawa aikin na uku suke so da kuɗin na farko.

Na biyu, kasuwa. Ka duba sanarwar neman ma'aikata da ke bi ta ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka tambayi masu kamfani irin naka, girma ɗaya, sana'a ɗaya. Kada ka auna kanka da banki ko kamfanin waya ko ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta, za ka sa wa kanka hawan jini a banza. Ɗan ONG yana karɓar mai tsoka, amma kwantaraginsa yakan ƙare ranar da aikin ya ƙare. Kai kana da abin da za ka saka a sikeli, wato aiki mai ɗorewa. SMIG kuma, da ya tashi daga sefa 30,047 ya koma jika 42 tun farkon 2024, mafi ƙarancin albashi ne da doka ta shata. Ba wanda zai riƙe maka albashin mutum hamsin a kan wannan.

To ga inda nake so mu zauna. Ku aje wayoyi. Alhaji, har kai.

Idan mai neman aiki ya ce maka jika 200 yake so, me yake nufi? Net yake nufi, abin da zai shiga aljihunsa. Kai da ka ji jika 200, brut kake nufi, albashi kafin a cire komai. Kun yi musabaha, kowa ya tafi yana murna, ƙarshen wata rigima ta tashi. Mu ɗauki jika 200 ɗin a matsayin brut, misali ne kawai, kada wani ya fita ya ce na yanka farashi. CNSS za ta cire kashi 5.25 cikin 100 daga wajen ma'aikaci, sefa 10,500 ke nan. Sannan ITS, lampon albashi, wanda yake hawa mataki-mataki har ya kai kashi 35 a kan manyan albashi. Ka ga ba jika 200 zai gani ba. A naka ɓangaren kuma, kai mai kamfani za ka ɗora kashi 16.4 na CNSS: 8.4 na iyali, 1.75 na haɗarin aiki, 6.25 na fansho. Sefa 32,800. Mun kai 232,800, ba mu sa kason ANPE ba, ba mu sa harajin koyon sana'a ba, ba mu sa hutun kwana biyu da rabi da yake tarawa kowane wata ba. Lamba uku ke nan a kan mutum ɗaya: abin da ya karɓa, abin da ke kan takarda, abin da ya fita daga asusunka. Uku. Kasafinka da ta ukun za ka yi shi, ciniki kuma ku yi shi a kan brut, a rubuce.

Me ya sa na nace a kan brut? Saboda ITS yana raguwa da yawan iyalin da mutum yake ɗauke da su. Gwauro da mai ƴaƴa biyar, brut ɗaya, net daban. In ka yi alkawarin net, ka ɗauki lampon mutum ka aza a kanka, duk canjin da dokar kasafin kuɗi ta kawo kai za ka biya. Gwauraye ku yi haƙuri, ba ni na tsara ba. (dariya) Kuma ku tuna CNSS tana tsayawa a kan jika 500 a wata, abin da ya haura ba a cire masa. Wannan ma tambaya ce mai kyau ranar gwaji: ba shi brut na jika 650 ka ce ya fitar da net. In ya buga 5.25 a kan dukan kuɗin, ka san matakinsa, ka san kuɗinsa.

Yanzu na huɗu... Hajiya ta ce na uku. To na uku, wancan duk cikin na biyu ne ashe. Mai lissafin albashi ya bambanta da kowa a gidan. Direba bai san albashin magatakarda ba, magatakarda bai san na mai kula da sito ba. Shi ya san na kowa, har naka. Kamar mai rabon tuwo ne, kowace malmala ta hannunsa take bi. In ka ɗauko ɗan ƙanenka ka ba shi ninki biyu na nasa alhali ba ya komai, ranar 25 ga wata zai gani da idonsa, shi zai buga. Don haka albashinsa sai ya daidaita da na cikin gida kafin ma a je ga na waje. Ka jera shi da kwantabul da mai kula da ma'aikata, ka tabbata tazarar tana da dalilin da za ka iya faɗa a gabansa ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Kuma ka lissafa abin da tafiyarsa za ta jawo: takardun lampo su makara a ci ka tara, a manta kuɗin daɗewa a aiki na wani, sai an je gaban sufeto. Araha ba ta ado.

Na huɗu zan gaggauta, lokaci ya tafi. Kuɗin mota ko mai, inshorar lafiya, rancen babbar salla, horo a kan manhajar albashi ta Sage Paie da sabon tsarin lissafin kuɗi na SYSCOHADA da ya fara aiki a 2018. Waɗannan suna riƙe mutum, wani lokaci fiye da ƙarin jika goma. Sai dai yawancin alawus lampo yana hawa kansu, kada ka ɓoye albashi a ciki. Na'am, Malam, akwai tambaya?

Wani daga cikin mahalarta: Malam, mu daga Tawa munka zo, ma'aikatanmu goma sha biyu ne. Wanga lissahi duk ya hi ƙarhinmu. Dole ne mu ɗauki mutum?

A'a Alhaji, ba dole ba ne, kuma ya kamata a ce da wannan na fara. Mutum goma sha biyu, albashinsu aikin kwana biyu ne ko uku a wata. Ko ka ba ofishin kwantabul da ke da rajista a ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun kwantabul ta ƙasa, su riƙa yi maka, ka biya su wata-wata, ko ka haɗa aikin da na kwantabul ɗinka ka ƙara masa wani abu a rubuce cikin kwantaragi. Amma in ka haɗa, ga sharaɗi: wanda ya lissafa ba shi zai sa hannu a fitar da kuɗi ba. Kai za ka sa hannu, kuma kafin ka sa, ka ɗauki jerin sunayen wannan wata ka aza kusa da na watan jiya, ka tambayi duk sunan da ya ƙaru da duk lambar asusun da ta canza. Minti goma ne. Ta nan ma'aikatan bogi suke shiga. Ranar da kuka haura mutum talatin ko arba'in, ko kuka fara biyan awoyin ƙari da na dare, sai ka dawo kan lissafin da muka yi ɗazu. An kira salla, a buɗe ƙofar can.